Aikin Nema wa Yara Adalci ta Hanyar Sulhu da Gyara: Darasi Daga Rayuwar Farfesa Ann Skelton

Gabatarwa

Babu garin da ba a samun yaron da ya yi laifi. Wani ya kama akuyar maƙwabci ya kai kasuwa, wani ya fasa shago da dare, wani kuma faɗa ya haɗa shi da abokinsa har ya ji masa rauni. A duk lokacin da haka ta faru, iyaye da masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi sukan fuskanci tambaya guda: yaya za a yi da wannan yaro, ta yadda wanda aka cuta zai samu haƙƙinsa, shi kuma yaron ba zai lalace gaba ɗaya ba?

Akwai mutanen da suka mayar da amsa wannan tambaya sana'arsu ta tsawon rayuwa. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan irin wannan aiki, ta hanyar duba tarihin ɗaya daga cikin fitattun masu yin sa a nahiyar Afirka, wato Farfesa Ann Skelton, lauya 'yar ƙasar Afirka ta Kudu. Daga nan za a duba abin da dokokin Nijeriya suka tanada, da kuma rawar da shugabannin al'umma za su iya takawa.

Mene ne adalcin sulhu da gyara?

A tsarin shari'a da aka saba gani a kotuna, ana tambaya ne a kan wace doka aka karya, wane ne ya karya ta, kuma wane hukunci ya dace da shi. Shi kuwa tsarin adalcin sulhu da gyara, tambayoyinsa su ne: wa aka cuta, wace ɓarna aka yi masa, kuma wane ne ya wajaba ya gyara ta? A wannan tsari akan zaunar da wanda ya yi laifin da wanda aka yi wa, tare da iyalansu da wasu dattawa, a gaban mai shiga tsakani wanda ba ya goyon bayan kowa. Mai laifi zai amsa laifinsa da bakinsa, ya ji irin asarar da ya jawo, sannan a tsara yadda zai biya ko ya yi aikin da zai maye gurbin abin da ya ɓata.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wannan sassauci ne ga masu laifi. Yaron da aka tsare a gidan yari ba ya sake haɗa ido da tsohuwar da ya sace wa akuya, kuma ita ma ba ta samun ko kwabo daga tsarewar da aka yi masa. Amma yaron da aka zaunar a gabanta, a gaban mahaifinsa da dattawan unguwa, dole ya ɗauki nauyin abin da ya aikata, wanda sau da yawa ya fi zaman ɗakin tsaro wuya a gare shi.

Haka kuma akwai batun daidaito, wanda shi ne ƙashin bayan wannan aiki. Kowa ya san cewa ɗan mai hali idan ya yi ƙaramin laifi, da wuya ya kwana a hannun hukuma, domin akwai mai zuwa ya tsaya masa, a biya diyyar ɓarnar, a kashe maganar. Ɗan talaka da maraya da yaron da iyayensa ke nesa su ne kan daɗe a tsare a kan irin wannan laifin. Burin masu wannan aiki shi ne damar da ɗan gata ke samu ta hanyar sanayya ta zama haƙƙin kowane yaro ta hanyar doka.

Mafarin aikin Ann Skelton

An haifi Ann Skelton a shekarar 1961, a zamanin mulkin wariyar launin fata. Bayan ta kammala karatun lauya, ta fara aiki a matsayin mai gabatar da ƙara a kotun yara da ke birnin Pietermaritzburg cikin shekarun 1980. A nan ne ta ga yadda ake kawo yara, galibinsu baƙaƙen fata 'ya'yan talakawa, wasu da raunukan duka a jikinsu, ba lauya, ba iyaye a tare da su. A wancan lokaci bulala ita ce hukuncin da kotunan ƙasar suka fi yanke wa yara maza, kuma dubbai ake yi wa ita a kowace shekara. Abin da ta gani ya sa ta bar aikin gabatar da ƙara ta koma ƙungiyar Lauyoyi Masu Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasar, inda ta duƙufa a kan batun yaran da ke tsare.

A shekarar 1992 wani abin takaici ya faru a garin Robertson. An kama wani yaro ɗan shekara 13 tare da abokansa bisa zargin fasa shago da satar alewa da lemon kwalba. Aka tsare shi a ɗaki ɗaya da waɗanda suka girme shi, suka yi masa dukan da ya yi sanadin mutuwarsa tun kafin a kammala shari'arsa. Wannan lamari ya girgiza ƙasar. A ƙarshen shekarar, Skelton da abokan aikinta suka ƙaddamar da gangamin fitar da yara daga gidajen yari kafin bikin Kirsimeti. Aikin da suka yi ba wani mai sarƙaƙiya ba ne: suna shiga gidajen yari da ofisoshin 'yan sanda, suna rubuta sunayen yaran, suna neman iyayensu, sannan su roƙi kotu ta miƙa kowane yaro ga danginsa har zuwa ranar shari'a. Da yawa daga cikin yaran, abin da kawai ya hana su komawa gida shi ne babu wanda ya sanar da iyayensu inda suke.

A daidai wannan lokaci ne kuma ƙungiyar NICRO, mai aikin gyaran halin masu laifi, ta fara shirye-shiryen karɓar yara masu ƙananan laifuffuka daga hannun masu gabatar da ƙara, tana koya musu tarbiyya da aikin taimakon al'umma a maimakon a gurfanar da su.

Darasin shekarar 1995

Bayan zaɓen 1994, Shugaba Nelson Mandela ya yi alƙawari a gaban majalisa cewa za a fitar da yara daga gidajen yarin ƙasar. A shekarar 1995 Kotun Tsarin Mulki ta haramta yi wa yara bulala a matsayin hukuncin kotu, kuma a shekarar ce ƙasar ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A watan Mayu na 1995 wata gyararriyar doka ta fara aiki, wadda ta hana ajiye yara masu jiran shari'a a gidan yari, aka kwashe su a lokaci guda.

Niyyar mai kyau ce, amma ba a yi shiri ba. Gidajen kula da yara da aka kai su ba su da isassun ma'aikata, ba su da tsaro, kuma ba a horar da kowa a kan yadda zai bi da su ba. Yara da yawa suka gudu, wasu ba su koma kotu ba, jama'a suka fusata. A shekarar 1996 majalisa ta sake gyara dokar, ta ba da damar mayar da yaran da suka kai shekara 14 gidan yari idan laifin da ake zarginsu da shi babba ne.

Wannan darasi ya cancanci kowane jami'i ya riƙe shi. Tausayi kaɗai ba ya gyara yaro, kuma ba ya kwantar da hankalin jama'a. Idan za a hana yaro shiga gidan yari, wajibi ne a tanadi inda za a kai shi, da wanda zai sa masa ido, da abin da za a ce wa wanda aka cuta. Saboda haka ne gwamnatin ƙasar ta kafa kwamitin ministoci a kan matasan da ke cikin haɗari, wanda ya gwada sababbin hanyoyi a wasu garuruwa kafin a mayar da su doka. Cikin abubuwan da aka gwada har da taron iyali, tsarin da ƙasar Niyu Zilan ta shigar cikin dokarta tun 1989, bisa la'akari da al'adun ƙabilar Mawori na warware matsala a tsakanin dangi.

Rubuta sabuwar doka

A shekarar 1996 Ministan Shari'a Dullah Omar ya sa aka kafa kwamiti a ƙarƙashin Hukumar Gyaran Dokoki domin tsara dokar shari'ar yara, kuma Ann Skelton ce ta jagorance shi. Kwamitin ya nemi ra'ayin alƙalai da 'yan sanda da ma'aikatan jin daɗin jama'a, har da yaran da ke tsare su kansu. Ya miƙa rahotonsa a shekarar 2000, aka gabatar da ƙudurin a majalisa a 2002, amma bai samu amincewa ba sai a 2008. Dokar, wadda aka sani da Doka ta 75 ta 2008, ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu, 2010. Ke nan an shafe kimanin shekara 14 daga kafa kwamiti zuwa fara aiki da doka. A tsakanin haka Skelton ta kammala digirinta na uku a Jami'ar Pitoriya a 2005, a kan tasirin adalcin sulhu da gyara ga shari'ar yara.

Muhimman abubuwan da dokar ta ƙunsa sun haɗa da:

1. Duk yaron da aka kama, jami'in sa ido da gyaran hali zai binciki yanayinsa: shekarunsa, gidansu, karatunsa da abin da ya kai shi ga laifin.

2. Za a yi zaman binciken farko a gaban alƙali cikin awa 48 da kama yaron idan yana tsare, tare da iyayensa da mai gabatar da ƙara, domin a duba ko akwai hanyar da ta fi gurfanarwa.

3. Ana iya kawar da maganar daga kotu idan yaron ya amsa laifinsa ba tare da tursasawa ba, akwai hujja a kansa, shi da iyayensa sun yarda, kuma mai gabatar da ƙara ya amince.

4. Hanyoyin da ake bi sun haɗa da neman gafara, mayar da kaya ko biyan diyya, aikin taimakon al'umma, wajabta zuwa makaranta, taron iyali, da zaman sasantawa tsakanin mai laifi da wanda aka cuta.

5. Yaron da ya cika sharuɗɗan ba za a sake gurfanar da shi a kan wannan laifi ba, kuma ba za a rubuta shi a matsayin wanda kotu ta taɓa hukuntawa ba. Wanda ya saɓa, a mayar da shi gaban alƙali.

6. Ba a yanke wa yaron da bai kai shekara 14 ba hukuncin ɗauri a gidan yari. Dokar ta kuma ɗaga shekarun da ake fara ɗora wa yaro alhakin laifi daga 7 zuwa 10, daga baya aka mayar da su 12 a gyaran da ya fara aiki a 2022.

Dokar ta ambaci kalmar ubuntu cikin manufofinta, wato mutuntaka da sanin cewa mutum da mutane yake zama mutum. Manyan laifuffuka irin su kisa da fyaɗe kuwa, an tsaurara sharuɗɗan kawar da su daga kotu, domin sai da rubutaccen izinin babban daraktan gabatar da ƙara, kuma a yanayi na musamman.

Kare doka a gaban kotu

Rubuta doka wani abu ne, tabbatar da ana bin ta kuma wani abu ne daban. Skelton ta koma Cibiyar Dokokin Yara ta Jami'ar Pitoriya, wadda daga baya ta shugabanta, inda suka riƙa kai muhimman ƙararraki gaban manyan kotuna. A shekarar 2007 cibiyar ta ba da gudummawa a shari'ar wata uwa mai 'ya'ya uku da aka samu da laifin zamba, inda Kotun Tsarin Mulki, ta bakin Mai Shari'a Albie Sachs, ta ce wajibi ne alƙali ya duba makomar yara kafin ya ɗaure wanda ke ɗauke da nauyin renonsu. A 2009 kuma cibiyar ta yi nasara a ƙarar da ta shigar, kotun ta soke tanadin da ya wajabta yanke wa 'yan shekara 16 da 17 hukunci mai tsanani irin na manya.

Sakamakon waɗannan matakai, yawan yaran da ke gidajen yarin Afirka ta Kudu ya ragu daga dubbai a farkon shekarun 2000 zuwa 'yan ɗaruruwa. Duk da haka tsarin bai rasa matsaloli ba, musamman ƙarancin jami'an sa ido da shirye-shiryen gyaran hali a yankunan karkara.

A shekarar 2012 an karrama ta da lambar girmamawa ta Kyautar Yaran Duniya. A 2017 ta zama mamba a Kwamitin Haƙƙin Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ta shugabanci kwamitin daga 2023 zuwa 2025. Wannan kwamiti ne a 2019 ya fitar da jagora ga ƙasashe a kan shari'ar yara, inda ya ba da shawarar kada a ɗora wa yaro alhakin laifi kafin ya kai shekara 14. A wannan shekarar ce kuma wani bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa aƙalla yara 410,000 ake tsarewa a gidajen yari da gidajen jiran shari'a a duniya kowace shekara, ban da kimanin miliyan ɗaya da ke shiga ɗakunan tsaro na 'yan sanda.

Abin da dokokin Nijeriya suka tanada

Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara a 1991, sannan ta kafa Dokar Haƙƙin Yara a 2003. Jihohi ne ke da hurumin kafa irinta a cikin iyakokinsu, kuma yawancin jihohin Arewa sun yi haka da sunan dokar kare yara, tare da gyare-gyaren da suka dace da addini da al'adun jama'arsu. Sashe na 209 na dokar tarayya ya ba 'yan sanda da masu gabatar da ƙara ikon warware ƙaramin laifin yaro ba tare da zuwa kotu ba, ta hanyar sasantawa, sa ido, nasiha, mayar da kaya da biyan diyya. Dokar ta tanadi kotun iyali, ta kuma ce tsare yaro kafin shari'a shi ne mataki na ƙarshe, na ɗan gajeren lokaci, kuma ba tare da manya ba. Kundin Final Kod, a sashe na 50, ya ce yaron da bai kai shekara 7 ba babu laifi a kansa, haka nan wanda bai kai 12 ba matuƙar hankalinsa bai kai ya gane sakamakon abin da ya yi ba.

Bugu da ƙari, Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019, wadda ta sauya sunan hukumar gidajen yari, ta kafa sashen hukunci ba tare da ɗauri ba, wanda ya ƙunshi aikin taimakon al'umma, sa ido, da adalcin sulhu da gyara. Akwai kuma makarantun horon matasa na Bostal a Kaduna da Abekuta da Ilori, amma ba su isa ƙasa mai yawan jama'a kamar Nijeriya ba. Abin da ya faru a watan Nuwamba na 2024, lokacin da aka gurfanar da wasu yara a wata babbar kotu a Abuja bayan sun shafe watanni a tsare sakamakon zanga-zangar watan Agusta, har wasu suka faɗi a harabar kotun, kafin Shugaban Ƙasa ya ba da umarnin sakinsu, ya nuna cewa har yanzu akwai tazara tsakanin abin da ke rubuce da abin da ake aikatawa.

Sulhu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Zauren mai unguwa da fadar dagaci da ta hakimi sun daɗe suna kashe rigingimu, kuma shari'ar Musulunci ta buɗe ƙofar sulhu da afuwa da biyan diyya a wurare da dama. Abin da ake buƙata shi ne a haɗa wannan gado da tsari, yadda zai amfani kowane yaro ba tare da duba gidan da ya fito ba.

Hanyoyin shiga wannan aiki

Matashin da ke sha'awar wannan fanni zai iya shiga ta ƙofofi da dama. Akwai aikin lauya, musamman a Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa da aka kafa a 1976 domin marasa hali, ko a ma'aikatar shari'a ta jiha. Akwai aikin jin daɗin jama'a a ƙananan hukumomi da ma'aikatun mata da yara, wanda ake karanta shi a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha. Akwai sashen kula da yara na rundunar 'yan sanda, da sashen hukunci ba ɗauri na Hukumar Gyaran Hali, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Kowace ƙofa aka bi, aikin yana buƙatar haƙuri, riƙon amana, iya sauraro, adana bayanai a rubuce, da jure surutun masu cewa ana ɗaure wa ɓarayi gindi.

Abin da ake fata daga shugabannin al'umma

Ga masu unguwanni, dagatai, kansiloli da jami'an jin daɗin jama'a, ga wasu matakai da za su taimaka idan an kama yaro:

1. A tabbatar da shekarunsa tun farko. Wannan ne ya sa yi wa jarirai rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa yake da muhimmanci, domin yaron da ba shi da takarda ana iya ɗaukarsa a matsayin babba.

2. A sanar da iyaye ko mariƙa nan take. Idan almajiri ne, a nemi malaminsa da danginsa. Idan babu kowa, shugaban unguwa ya tsaya masa.

3. A hana jama'a ɗaukar doka a hannunsu, kuma kada a bari a kwana da yaro a ɗaki ɗaya da manya.

4. Kada a tilasta wa wanda aka cuta yin sulhu, kada kuma a tilasta wa yaro amsa laifin da ya musanta. Wanda ya musanta, kotu ce za ta raba gardama.

5. A rubuta abin da aka amince da shi, da wa'adinsa, da sunan wanda zai bi diddigi. Diyyar ta kasance daidai ƙarfin iyalin, kuma kada aikin da aka ɗora wa yaron ya hana shi karatu ko ya wulaƙanta shi.

6. Laifuffuka irin su kisa, fyaɗe da fashi da makami ba na zauren mai unguwa ba ne. A miƙa su ga hukuma, kuma kada a rufe su da sunan rufin asiri.

Kammalawa

Tarihin Ann Skelton ya nuna cewa wannan aiki yana farawa ne daga abu mai sauƙi, wato sanin sunan yaron da ke tsare da nemo iyayensa, sannan ya kai ga rubuta doka da kare ta. Matakin farkon nan yana hannun kowane mai unguwa da kowane jami'in ƙaramar hukuma, ba ya kuma buƙatar kasafin kuɗi. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron da ya yi laifi yau, ko an ɗaure shi ko ba a ɗaure ba, garinsu zai dawo, kuma jama'ar garin ne za su zauna da irin mutumin da ya zama. Ana kira ga iyaye da shugabanni da su tuntuɓi ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarsu a duk lokacin da irin wannan matsala ta taso. Allah Ya shirya mana zuriyarmu, amin.